Santiago Ramón y Cajal: Mutumin da Ya Bi Sawun Saƙo Daga Ido Zuwa Ƙwaƙwalwa

Yanzu da kake karanta wannan shafi, haske ne yake sauka a kan takarda, sa'an nan ya tashi ya shiga idonka. Amma hasken nan ba ya isa ƙwaƙwalwarka. Ita ƙwaƙwalwa tana can a rufe cikin ƙoƙon kai, inda babu rana babu fitila. Ba ta taɓa ganin launi da kanta ba, ba ta taɓa shaƙar ƙamshi ba, wuta ba ta taɓa ƙona ta ba. Duk abin da ta sani game da duniya labari ne ake kai mata, masu kai labarin kuwa su ne jijiyoyi. Ka lura da wannan kalma tun daga farko. A Hausa ana kiran hanyoyin da jini ke bi jijiyoyi, haka kuma ana kiran fararen zaruruwan da ke ɗaukar saƙo tsakanin gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa jijiyoyi. A wannan darasi jijiyoyin saƙo muke nufi.

Shekara 150 da suka wuce, masana sun san cewa ido da kunne da hanci da harshe da fata suna aika saƙo. Abin da ba su sani ba shi ne da me aka gina hanyar da saƙon ke bi, da kuma yadda yake tafiya a cikinta. Mutumin da ya fi kowa aiki wajen gano wannan ɗan ƙasar Sifaniya ne, sunansa Santiago Ramón y Cajal. Ramón sunan gidan mahaifinsa ne, Cajal na gidan mahaifiyarsa, kuma da wannan na ƙarshe duniya ta fi saninsa. A harshensu ana furta shi Kahal.

An haife shi ranar 1 ga Mayu, 1852, a Petilla de Aragón, wani ɗan ƙauye a cikin duwatsun arewacin Sifaniya. Mahaifinsa, Justo Ramón, ɗan talakawan manoma ne. Ya fara ne da yi wa wani likitan ƙauye hidima, irin likitocin da aikinsu ya yi kama da na wanzami, wato aski da tsaga da ƙananan ayyukan fiɗa. Daga nan ya yi ta fafutuka har ya zama cikakken likita. Wanda ya fita daga talauci ta wannan hanya ba ya ɗaukar ilimi da wasa. Ya ƙudura cewa ɗansa ma likita zai zama. Shi kuwa yaron ba abin da yake so kamar zane. Bango, ƙofa, gefen littafi, duk inda ya sami fili sai ya zana. Da uban ya hana shi kayan zane, sai ya riƙa kankare fentin bango yana jiƙa takardu masu launi a ruwa don ya sami abin shafawa.

Gaskiyar magana, Santiago gagararren yaro ne. Yana da kimanin shekara goma aka kai shi makarantar limaman coci a garin Jaca, inda karatun duk hadda ce, shi kuwa ya ƙi jinin haddar abin da bai gane ba. Ya sha bulala, ya sha kulle, ya sha horon yunwa. Yana da shekara 11 ya ƙera igwa da katako a garin Ayerbe, ya ɗura mata albarushi, ya ragargaza ƙofar lambun maƙwabcinsu. Aka kulle shi a kurkukun gari na 'yan kwanaki, mahaifinsa kuma bai nemi a sake shi ba. Da abin ya ishi uban, sai ya kai shi koyon sana'a wurin wani mai aski, daga baya wurin mai ɗinkin takalma. Mai takalman ya yaba da hannunsa ƙwarai.

Akwai wani abu guda daga wannan ƙuruciya da ya kamata ka riƙe. A makarantar Ayerbe ana kulle yara masu laifi a wani ɗaki mai duhu. Wata rana yana ciki, sai ya lura haske na shigowa ta wata 'yar kafa a jikin taga, kuma a saman ɗakin ga hoton mutane da dabbobin da ke wucewa a waje, amma a juye. Yaron ya ɗauka shi ne ya fara gano wannan al'ajabi. Bai san cewa fiye da shekara 800 kafin nan, malamin nan Ibn al-Haytham, wanda ya rayu a Alƙahira, ya riga ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ba. Idonka ma ɗan ɗaki ne mai duhu. Haske na shiga ta baƙin tsakiyarsa, hoton abin da kake kallo kuma yana sauka a bangon baya a juye. Wannan bangon baya na ido shi ne wurin da Cajal zai yi babban aikinsa bayan shekara talatin.

Abin da ya sasanta uba da ɗa ƙasusuwa ne. A 1868 Justo Ramón ya fara koya wa ɗansa ginin jikin mutum, da ƙasusuwan da suka tsinto a wata tsohuwar maƙabarta. Yaron ya zana su ɗaya bayan ɗaya, kowane rami da kowane tudu. A karo na farko uban ya ga amfanin zanen da ya daɗe yana yaƙa. Santiago ya shiga makarantar likitanci ta Zaragoza, ya gama a 1873 yana da shekara 21.

Aka ɗauke shi likitan soja, a 1874 aka tura shi tsibirin Kyuba, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Sifaniya kuma ana yaƙin neman 'yanci a cikinsa. An ajiye shi a wani asibitin daji a tsakiyar fadamu. Zazzaɓin cizon sauro da atuni suka kama shi, ya rame har ya kusa mutuwa. A 1875 ya koma gida. Daga ɗan kuɗin da ya tara a aikin soja ne ya sayi madubin likita na farko a 1877, wato na'urar da ke girmama ƙananan abubuwan da ido ba ya iya gani. Shekara guda bayan haka ya fara tarin jini, aka ce tarin fuka ne, ya sake jinya. A 1879 ya auri Silveria Fañanás, wadda ta haifa masa 'ya'ya bakwai. A ƙarshen 1883 ya sami kujerar farfesa a Jami'ar Valencia. Lokacin da annobar kwalara ta auka wa ƙasar a 1885, ya yi bincike a kan ƙwayar cutar, hukumomin lardin Zaragoza suka saka masa da kyautar madubi ƙirar Zeiss, wanda ya fi nasa nesa ba kusa ba.

Kafin mu ci gaba, sai ka san gardamar da ake yi a wancan zamani. Masana sun riga sun yarda cewa jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da iyakarta, kamar tubala a jikin gini. Fata haka take, hanta haka take. Amma ƙwaƙwalwa ta gagare su. Idan aka yanki ɗan siririn yanki nata aka sa a ƙarƙashin madubi, ba a ganin komai sai cunkoson zaruruwa a sarƙe da juna. Saboda haka yawancin manyan masana suka yanke cewa jijiyoyi a haɗe suke gaba ɗaya kamar komar masunta, ba inda wani zare ya ƙare wani ya soma.

A 1873 wani likita ɗan Italiya, Camillo Golgi, ya gano wata dabarar rini. Ya yi aikin ne a ɗakin girkin wani asibiti a garin Abbiategrasso, kusa da Milan, wanda ya mayar ɗakin bincike. Yana jiƙa yankin ƙwaƙwalwa a cikin wani sinadari da ke taurara shi, sa'an nan ya tsoma shi a ruwan sinadarin azurfa. Abin mamakin wannan rini shi ne ba ya kama kowace ƙwaya. 'Yan kaɗan yake zaɓa daga cikin ɗaruruwa, amma wadda ya kama yakan baƙanta ta ƙirin tun daga jikinta har ƙarshen rassanta, sauran kuwa su zauna fayau. Ka ƙaddara kurmi ne mai duhu, sai aka shafa wa itace ɗaya farar ƙasa daga saiwa har ganye. Duk da haka rinin ba ya kamawa kullum, mutane da yawa sun gwada sun watsar, kuma Golgi kansa ya ci gaba da ganin koma a cikin abin da ya rina.

A 1887 Cajal ya je Madrid, ya ziyarci wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Luis Simarro, wanda ya nuna masa yankunan da aka rina da dabarar Golgi. Shekara 14 ke nan da gano dabarar, amma sai ranar ya gan ta da idonsa. A wannan shekara ya koma Jami'ar Barselona, garin da wataƙila ka fi sani saboda ƙwallon ƙafa. A can ya duƙufa. Ya gyara dabarar ta hanyar maimaita jiƙon sau biyu. Sa'an nan ya yi wani tunani mai sauƙi wanda ya canja komai. A jikin babbar dabba jijiyoyi sun yi tsawo, sun yi yawa, kuma da yawansu suna sanye da wata rigar kitse da ke hana rini shiga. To, me zai hana a duba su tun suna ƙanana? Sai ya koma ga 'yan tsakin da ba a ƙyanƙyashe ba, da jariran tsuntsaye da na ƙananan dabbobi, inda zaruruwan ke gajeru, ba su riga sun sa rigar ba, ana iya bin kowanne har ƙarshensa.

Ya bi su, ya kuma ga ƙarshensu. A 1888, a cikin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeyar tsuntsaye, ya ga zaren wata ƙwaya ya zo ya rungume jikin wata kamar kwando, amma bai narke a cikinta ba. Ya duba wasu wurare, ya ga haka abin yake. Kowace ƙwayar jijiya halitta ce mai zaman kanta. Tana da jiki, tana da gajerun rassa masu yawa kamar na itace, tana kuma da dogon zare guda ɗaya. Tana kusantar 'yar'uwarta ƙwarai, amma ba su zama abu ɗaya ba. A 1891 wani masani Bajamushe, Wilhelm Waldeyer, ya ba wannan ƙwaya sunan da ake kiranta da shi har yau, wato niyuron.

Gano abu daban, sa duniya ta saurara daban. A lokacin ba a lissafa Sifaniya cikin ƙasashen kimiyya, kuma manyan masana ba sa karanta harshenta. Cajal ya kafa mujalla tasa, yana biyan kuɗin bugawa daga albashinsa, yana shirya zane-zanen da hannunsa. Kwafi 60 kacal yake bugawa, yana aika wa masana a ƙasashen waje. Silveria ta haƙura da 'yar aiki, ta riƙe gida da yara ita kaɗai don kuɗin su isa. Shiru, ba amsa. Sai a watan Oktoba na 1889 ya tattara ɗan abin da ya ajiye, ya ɗauki madubinsa da gilasan da ya ɗora yankunan a kai, ya tafi Berlin, taron ƙungiyar masana ginin jiki ta Jamus. Ba ya jin Jamusanci, Faransancinsa kuma ba ya da kyau. Ya jera kayansa a kan tebur, mutane suna wucewa. Daga ƙarshe ya je ya jawo Albert von Kölliker, farfesa a Würzburg, dattijo mai shekara 72 wanda ake ganin ba na biyunsa a wannan fanni, ya zaunar da shi gaban madubin. Kölliker ya duba, ya gamsu. Ya koma gida ya maimaita aikin, ya sami abin da Cajal ya samu, har ya koyi Sifaniyanci da tsufansa don ya karanta rubuce-rubucen wannan baƙon. Ba kowane babba ne ke iya yin haka ba.

Yanzu mun zo ga sashen da ya fi muhimmanci a aikinsa, kuma yana da kyau ka karanta shi a hankali. An yarda ƙwayoyin a rabe suke. To, ta ina saƙo ke shiga ƙwaya, ta ina yake fita? Abin da ke ƙarƙashin madubi matacce ne, an taurara shi, an rina shi. Ba abin da ke motsi a ciki. Kamar a nuna maka hoton titi ba mota ko ɗaya, a ce ka faɗi inda motoci ke dosa.

Cajal ya nemi amsar a gaɓoɓin ji da gani, domin a can babu shakka game da inda saƙo ke farawa. Haske daga waje yake zuwa, labarinsa kuma ciki yake tafiya. Sai ya duba tantanin da ke shimfiɗe a bangon baya na ido, wanda likitoci ke kira ratina. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, amma hawa-hawa ne. Akwai ƙwayoyin da ke karɓar haske, iri biyu: masu siffar sanda, waɗanda kake gani da su da dare, da masu siffar mazurari, waɗanda ke bambance launi da rana. Waɗannan suna miƙa saƙo ga ƙwayoyi na biyu, na biyu su miƙa wa na uku, dogayen zaruruwan na ukun kuma su taru su zama jijiyar gani, wadda ke fita ta bayan ido ta nufi ƙwaƙwalwa. Da ya duba yadda kowace ƙwaya ta zauna, sai ya ga tsari guda. Gajerun rassanta suna fuskantar wajen da saƙo ke fitowa, dogon zarenta kuma yana fuskantar wajen da saƙo zai tafi. Ya bincika idon kifi, da na kwaɗo, da na ƙadangare, da na tsuntsu, da na dabbobi masu shayarwa, tsarin bai saɓa ba.

Ya koma ga hanci. A can saman kogon hanci akwai ƙwayoyin da ke kama ƙamshi da wari. Zaruruwansu suna ratsa wani ƙashi mai huji-huji kamar rariya, su shiga ƙasan ƙwaƙwalwa, su ƙare a cikin wasu ƙananan dunƙule-dunƙule. A cikin dunƙulen nan suna haɗuwa da rassan wasu manyan ƙwayoyi, su kuma dogayen zaruruwansu su wuce can ciki. Nan ma rassa ne ke karɓa, zare ne ke aikawa. Daga ido da hanci Cajal ya fitar da ƙa'ida, ya gabatar da ita a wani taron likitoci a Valencia a 1891: saƙo yana shiga ta rassa, ya bi ta jikin ƙwaya, ya fita ta dogon zare, hanya ɗaya ba komowa. Wani masani ɗan Beljiyam, Arthur van Gehuchten, ya kai ga irin wannan ra'ayi a daidai lokacin. Daga nan Cajal ya fara sa ƙananan kibau a cikin zane-zanensa, masu nuna inda saƙo ya dosa. Bai taɓa ganin saƙon yana tafiya ba. Daga siffa ya gano aiki, kuma binciken da aka yi bayansa ya nuna cewa yawancin kibau ɗin daidai suke nuni.

Ƙa'idar ta ci karo da matsala a wuri ɗaya. Ƙwayoyin da ke ɗauko labarin taɓawa da zafi daga fatarka ba su da siffar sauran. Jikinsu yana zaune a gefen laka, wato igiyar jijiya da ke cikin ƙashin baya, kuma reshe ɗaya ne ke fita daga gare shi ya rabu biyu, ɗaya ya tafi fata, ɗaya ya shiga laka. Saƙo na iya wucewa kai tsaye ba tare da ya ratsa jikin ƙwayar ba. Cajal bai rufe ido daga wannan ba. A 1897 ya gyara ƙa'idar tasa, ya ce abin da ba ya canjawa shi ne saƙo kullum dogon zare yake nufa, ko ya bi ta jiki ko bai bi ba.

Kana iya tambaya, mene ne amfanin sanin ko a rabe suke ko a haɗe? Ka yi tunani. Da a ce jijiyoyi koma ce guda, saƙon da ya shiga ta ko'ina zai bazu ko'ina. Da wuya ka bambance ƙayar da ta soke ka a babban yatsa da wadda ta soke ka a diddige. Amma tun da kowane saƙo da hanyarsa, ƙwaƙwalwa tana gane abu ta hanyar da ya biyo. Shi ya sa idan ka rufe ido ka danna shi kaɗan, kake ganin wani haske-haske ko da a cikin duhu, shi ya sa kuma wanda aka kwaɗa wa mari yakan ce ya ga wuta. Ba wuta a wurin. An motsa hanyar gani ne, ƙwaƙwalwa kuma duk abin da ya zo ta wannan hanya haske take ɗaukarsa.

Akwai amfani na biyu. Duk inda ƙwaya ta miƙa wa ƙwaya, akwai damar a tace saƙon, a ƙara shi, a rage shi, ko a tsayar da shi. A idon mutum ɗaya akwai ƙwayoyin karɓar haske wajen miliyan 100, amma zaruruwan jijiyar gani miliyan ɗaya ne da ɗoriya. Ke nan ido ba ya aika duk abin da ya karɓa. Tun a cikin ratina ake fara taƙaita labarin. Cajal ya zana wasu ƙwayoyi da ke kwance a gicciye tsakanin hawa da hawa, suna haɗa maƙwabta da maƙwabta, har shi ya raɗa wa wani iri nasu suna. Bayan mutuwarsa aka tabbatar cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna taimaka wa ido ya kwatanta wuri mai haske da na kusa da shi, ta haka gefen abu yake fitowa sarai, kamar yadda baƙaƙen nan suka fito a kan farar takarda.

A cikin waɗannan shekaru na nasara ne 'yarsa ƙarama, Enriqueta, ta rasu da cutar sanƙarau. A 1892 ya koma Jami'ar Madrid, inda ya zauna har ƙarshen aikinsa. A 1894 aka gayyace shi Landan ya yi lacca a gaban babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, ya sauka a gidan Charles Sherrington. Sherrington ɗin nan shi ne a 1897 ya ba mahaɗar ƙwaya da ƙwaya sunan sinas. Tsakanin 1899 da 1904 Cajal ya kammala babban littafinsa a kan tsarin jijiyoyin mutum da na dabbobi masu ƙashin baya, mai ɗauke da ɗaruruwan zane-zane na hannunsa.

A 1906 aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci, shi da Golgi tare. Wannan ne karo na farko da aka raba lambar wannan fanni tsakanin mutum biyu. A Stockholm, babban birnin Swidin, suka haɗu. Ranar 11 ga Disamba Golgi ya yi laccarsa, ya soki ra'ayin rabuwar ƙwayoyi, ya kare komarsa kamar ba a gano komai ba cikin shekara 18. Washegari Cajal ya tashi ya jera hujjojinsa. Kada wannan ya sa ka raina Golgi. Ba don rininsa ba, da Cajal bai ga abin da ya gani ba. Shi ne kuma ya gano wasu ƙananan gaɓoɓi a wurin da tsoka ke manne da ƙashi, masu sanar da laka irin ƙarfin da tsoka ke ja da shi, kuma har yau da sunansa ake kiransu. Ban da haka, shi ya nuna cewa zazzaɓin cizon sauro yana tasowa ne a daidai lokacin da ƙwayoyin cutar ke fashewa daga ƙwayoyin jini, abin da ya shafi kowane gida a ƙasarmu. Kuskurensa ɗaya ne, ya riƙe shi har mutuwarsa a 1926.

A gida Cajal ya zama abin alfahari. An yi masa tayin muƙamin ministan ilimi a 1906, ya ƙi karɓa. Amma daga 1907 ya shugabanci hukumar da ke tura matasan Sifaniya karatu a ƙasashen waje, ya kuma horar da ɗalibai da suka yi suna, irin su Pío del Río Hortega da Rafael Lorente de Nó. Son hoto bai bar shi ba, har ya wallafa littafi a kan ɗaukar hoto mai launi a 1912. Ya yi ritaya daga koyarwa a 1922.

Ya rayu har ya ji labarin abin da madubinsa ba zai iya nuna masa ba, wato shi saƙon kansa. A 1926, a Jami'ar Cambridge ta Ingila, Edgar Adrian da abokin aikinsa Yngve Zotterman suka auna abin da ke gudana a cikin zaren jijiya guda ɗaya da ya fito daga tsokar kwaɗo. Suka tarar ɗan bugun lantarki ne, gajere, kuma kowane bugu girmansa ɗaya da na baya. Idan aka ƙara wa tsokar nauyi, bugun ba ya ƙara girma, sai dai ya ƙara yawa, ya riƙa zuwa a kai a kai. Da haka ƙwaƙwalwa ke bambance shafa da matsa. Adrian ya kuma nuna cewa idan abu ya daɗe bai canja ba, bugun yakan ragu. Wannan ne dalilin da ya sa ka manta da rigar da ke jikinka sai yanzu da aka ambace ta. An ba Adrian da Sherrington lambar Nobel a 1932.

Silveria ta rasu a 1930, bayan shekara 51 da aurensu. Tsufa ya kama Cajal, kunnensa ya yi nauyi, ya rage shiga mutane. A littafinsa na ƙarshe, wanda ya rubuta a kan yadda ɗan shekara tamanin ke ganin duniya, ya bayyana yadda gani da ji ke raguwa, yana duban kansa kamar yadda likita ke duban majinyaci. Har a lokacin akwai masu kare ra'ayin koma, saboda haka a 1933 ya sake tattara hujjojinsa duka a cikin dogon rubutu guda. Ya rasu a Madrid ranar 17 ga Oktoba, 1934, yana da shekara 82. Ya bar zane-zanen kimiyya kusan 2,900.

Ɗan ratar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, wanda ya gina dukan aikinsa a kai, bai taɓa ganinsa da ido ba, domin ya fi ƙarfin madubin da ke aiki da haske. Sai a 1954 da 1955, da aka yi amfani da sabon madubi mai aiki da lantarki, masu bincike a Amurka suka ɗauki hotonsa. Faɗinsa kimanin kashi ɗaya ne cikin 50,000 na milimita. Saƙo yana tsallake shi ne ta wasu sinadarai da ƙarshen zare ke fesawa, rassan ƙwayar gaba su karɓa. Ba a daɗe ba kuma aka gano cewa a wasu wurare, har da cikin ratina, akwai ƙwayoyin da ke da ƙananan ƙofofi a tsakaninsu, inda lantarki ke wucewa kai tsaye daga wannan zuwa waccan.